Tanda Mai Rami Ɗaya

Waƙa tara gare ni, shekara bakwai ina tara su,
ni da gurmina, nan Maiwurno,
a ɗakin da ya juya wa Nilu baya.
Ran da suka cika tara, Babikir ɗan ƙanwata ya ce,
"Kawu, mu zuba su a faifai."
Na ce faifan da na sani na rufe ƙwarya ne.
Ya yi dariya har gahawa ta sarƙe shi.

Hanya biyu ce, in ji shi.
Akwai wani shago a Omdurman, can ƙuryar kasuwa,
injinsa kan haɗiye hamsin ya amayo hamsin
kafin ka idar da la'asar,
da hoto, da kwali, da leda mai ƙara.
Sai dai ba ya tayar da inji don ƙasa da ɗari biyu.
Ko kuma wannan.
Ya ɗora tsohuwar kwamfutarsa bisa kifaffen turmi.

Na yi lissafi: akuya biyu, ga kuɗin mota,
ga kwana gidan wani da zan yi ta yi wa godiya har in mutu.
Na ce kunna ta turmi.

Ashe toyi suke ce masa.
Tanda ce mai rami ɗaya:
ka zuba, ka jira, ta yi gurnani, ta zaro harshe,
ka ɗauka da ɗuminsa kamar masa.
Minti shida kowanne. Da carbi na ƙirga.
Na sha ɗaya yana tsakiyar waƙar masu kwale-kwale
aka ɗauke wuta,
batirinta kuwa ya daɗe da riga mu gidan gaskiya.
Na sha biyu ma haka.
Na ashirin bai ba da dalili ba,
ya fito bebe kawai.

Sunana ni na rubuta, da ajami, ɗaya bayan ɗaya.
Wani layin ya hau tudu, wani ya gangara,
a wani babban yatsana ya zauna kan tawada
kamar na karɓi bashi.

Siddiƙu mai molo shi ya je Omdurman.
Ya dawo da kwali huɗu a ka,
hotonsa da rawanin aro, haƙora a waje.
An ci ɗigo guda a sunansa,
sau ɗari biyu, babu gyara.
Na yi dariya a zaure. Da na shiga ɗaki ban yi ba,
don nasa ba ya in'ina.
Nawa, direban motar Sinja ya ce min,
"Malam Ɗanjimma, duk ramin da na faɗa
sai ka maimaita baiti sau uku."
Rediyon mai shayi kuwa ƙin sa ya yi ƙememe,
ya tofo shi kamar ƙwallon dabino.

Arba'in da uku na toya, ashirin da shida suka rayu.
Duk sun fita, rabi kyauta.
Siddiƙu ya sayar da sittin, ya fi ni nesa ba kusa ba,
sauran suna ƙarƙashin gado,
a kansu kazarsa ta yi ƙwai bana.

Matattun sha bakwai Zinatu ta kwashe
ba ta tambaye ni ba.
Na iske su a gona, ta zarga su a igiya
daga wannan kara zuwa wancan,
suna juyi, suna watsa wa tsuntsaye rana a ido.
Dawarmu ba ta taɓa tsira haka ba.

Jiya Babikir ya zo da wani ɗan abu kamar farce,
wai yanzu a waya ake ji.
Na ce bari sai an yi girbi.
Na ɗauki gurmi na tafi gadin dawa,
na zauna ƙarƙashin na sha ɗaya,
na ƙarasa masa waƙar masu kwale-kwale
daga inda wuta ta tsaya.